Yadda ake lissafa tsagewar da ke bin mahaɗar abubuwa biyu masu bambancin tauri

Da yawa daga cikin kayan da injiniyoyi ke ƙerawa a yau hawa-hawa ake gina su: tagulla a kan silikon cikin guntun lantarkin waya, robar da ke manne gilashi a jikin farantin sola, tangaran mai kare zafi a kan fukafukan injin jirgin sama, gam tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Idan irin waɗannan suka lalace, sau da yawa tsagewar takan bi layin da abubuwan biyu suka haɗu, wato mahaɗa. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibin injiniya ko mai aikin gwaji wanda ya riga ya san tushen ilimin karyewa, wato ma'aunin makamashi G da ya samo asali daga aikin Griffith na 1921 da ma'aunin K na Irwin na 1957 mai faɗin tsananin ƙarfin da ke taruwa a bakin tsagewa, yana kuma son sanin ko tsagewar da ke kwance a mahaɗa za ta tsaya ko za ta ci gaba.

Magana ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Juriyar mahaɗa tana canzawa gwargwadon yadda buɗewa da zamewa suka gauraya a bakin tsagewar, kuma ba a iya faɗin wannan gauraye sai an ambaci tsawon da aka auna shi. Duk sakamakon da ya zo da G kaɗai, babu kusurwa, babu tsawo, rabin sakamako ne.

Mataki na farko: tattara bayanan kayan, ka sa musu lamba

Kowane ɓangare yana buƙatar lambobi biyu: ma'aunin tauri E da rabon Poisson ν, wato gwargwadon yadda abu ke tsukewa ta gefe idan aka ja shi. Daga su ake fitar da taurin zamewa, μ = E / 2(1 + ν). Sai ka yanke hukunci ko abin naka mai kauri ne, wanda ba ya iya motsawa ta gefen faɗinsa, ko kuwa siriri ne kamar takarda. A mafi yawan aikin mahaɗa yanayin kauri ake ɗauka, shi zan bi a nan, kuma a cikinsa ana aiki da Ē = E / (1 − ν²).

Ka sa wa na sama lamba 1, na ƙasa lamba 2, ka rubuta hakan a saman takardarka. Idan ka juya su daga baya, alamar lambobin α da β da ε da za mu lissafa a gaba za ta juya.

Misalin da zan ja har ƙarshe shi ne gilashi a sama, gam na efoksi a ƙasa. Zan ɗauki gilashi da E = 70 GPa, ν = 0.22, efoksi kuma da E = 3 GPa, ν = 0.35. Waɗannan lambobi ne na misali da suka yi kusa da abin da aka saba gani; naka kayan ka auna su ko ka nemi takardar mai ƙera su. Da su, Ē₁ = 73.6, Ē₂ = 3.42, μ₁ = 28.7, μ₂ = 1.11, duk a GPa.

Mataki na biyu: lambobin Dundurs

A 1969 John Dundurs ya nuna cewa a irin wannan matsala lambobi huɗun nan suna taƙaituwa zuwa biyu, α da β. A yanayin kauri:

α = (Ē₁ − Ē₂) / (Ē₁ + Ē₂)

β = ½ × [μ₁(1 − 2ν₂) − μ₂(1 − 2ν₁)] / [μ₁(1 − ν₂) + μ₂(1 − ν₁)]

α yana faɗin wanda ya fi tauri da kuma tazarar da ke tsakaninsu, yana tafiya daga −1 zuwa 1. β ya fi ƙanƙanta, kuma a yawancin kayan da ake haɗawa yakan faɗo tsakanin sifili da α/4. A misalinmu α = 0.91, β = 0.205. Idan β ɗinka ya wuce 0.5, ka koma ka duba lissafin, akwai kuskure.

Mataki na uku: ε, da abin mamakin da yake ɗauke da shi

ε = (1 / 2π) × ln[(1 − β) / (1 + β)]

A wurinmu ε = −0.066. Girmansa ba ya wuce 0.175 ko da an haɗa abubuwan da suka fi kowane bambanta.

Lambar ƙarama ce, amma ita ta hana masana barci shekaru da dama. M. L. Williams ya gano a 1959 cewa sitires, wato ƙarfin da ke faɗa wa kowane murabba'in mita, a gaban tsagewar mahaɗa ba ya bin 1/√r zalla kamar yadda yake yi a abu guda, inda r shi ne nisa daga bakin tsagewar. Yana ɗauke da ƙarin r^(iε), wanda yake daidai da cos(ε ln r) + i sin(ε ln r). Ma'anarsa ita ce yayin da kake matsowa kusa da bakin tsagewar, ja da zamewa suna ta musayar matsayi ba iyaka. A 1965 masana England, da Erdogan, da Rice tare da Sih suka warware matsalar gaba ɗayanta, England kuma ya nuna cewa lissafin yana cewa fuskokin tsagewar biyu suna shiga cikin juna dab da bakin, abin da ba ya yiwuwa a zahiri. Maria Comninou ta kawo gyara a 1977 ta hanyar barin fuskokin su taɓa juna a wani ɗan yanki. Rice kuma a 1988 ya nuna cewa muddin wannan yanki ƙarami ne ƙwarai, lissafin Williams yana nan da amfaninsa. Za mu duba wannan sharaɗi da lambobi a mataki na shida.

Dalilin abin a jiki ba shi da wuyar fahimta. Idan ka ja mahaɗa a tsaye, efoksi yana son tsukewa ta gefe fiye da gilashi, gilashin kuma ya riƙe shi. Wannan riƙo zamewa ce, ta fito ne daga bambancin kayan, ko da hannunka bai tura komai ta gefe ba.

Mataki na huɗu: K da G

Tunda ja da zamewa ba sa rabuwa, K yakan zama lamba mai ɓangare biyu, K = K₁ + iK₂, kuma a kan mahaɗa, nisan r gaba da bakin tsagewa:

σ₂₂ + iσ₁₂ = K r^(iε) / √(2πr)

σ₂₂ shi ne ja a tsaye, σ₁₂ kuma zamewa. G kuwa lafiyarsa ƙalau, ba ya rawa:

G = (1 − β²) |K|² / E*, inda 1/E* = ½ (1/Ē₁ + 1/Ē₂)

A misalinmu E* = 6.53 GPa. Ka lura yadda ya tsaya kusa da ninki biyu na taurin efoksi. Ɓangare mai laushi shi ke riƙe mafi yawan makamashin, saboda haka kuskure a E na efoksi ya fi kuskure a E na gilashi tsada nesa ba kusa ba.

Ga tsagewa mai tsawon 2a a tsakiyar mahaɗa mai faɗi, wadda ake ja daga nesa da σ, ana kuma tura ta gefe da τ, a bakinta na dama:

K = (σ + iτ)(1 + 2iε) √(πa) (2a)^(−iε)

Mu ɗauki 2a = milimita 2, σ = 5 MPa, τ = 0. Girman K zai zama 5 × √(π × 0.001) × √(1 + 4ε²) = 0.283 MPa√m. G kuma 0.958 × (0.283 × 10⁶)² / (6.53 × 10⁹), wato kusan jul 11.7 a kowane murabba'in mita.

Mataki na biyar: kusurwar gauraye da tsawon da aka auna ta

A nan ne aikin yake, a nan kuma aka fi yin tuntuɓe.

A abu guda, kusurwar gauraye ita ce tan⁻¹(K_II / K_I), inda K_I na buɗewa ne, K_II na zamewa, shi ke nan. A mahaɗa rabon zamewa da ja yana canzawa da nisa, don haka dole ka zaɓi wani tsawo L ka ce a nan nake aunawa:

ψ = kusurwar lambar K L^(iε)

A sauƙaƙe, tan ψ shi ne rabon σ₁₂ da σ₂₂ a nisan L gaba da bakin tsagewa. Idan ψ sifili ne, buɗewa ce zalla a wannan nisa. Idan ya kusanci 90°, zamewa ta mamaye. Sauya tsawo daga L₁ zuwa L₂ yana juya kusurwar kamar haka, a radiyan:

ψ₂ = ψ₁ + ε ln(L₂ / L₁)

Mu gwada. Idan L = 2a, ψ = tan⁻¹(2ε) = −7.5°. Idan muka koma L = maikiromita 100, ƙarin zai zama −0.066 × ln(0.1 / 2) = 0.198 radiyan, wato 11.3°, sai ψ ya zama +3.8°. Tsagewa ɗaya, nauyi ɗaya, amma har alamar kusurwar ta canza. A wannan haɗi duk ninki goma a L yana juya ψ da 8.7°; daga milimita 1 zuwa maikiromita 1 kuwa 26° ne cur.

To wane L za ka zaɓa? Lissafi bai tilasta maka ko ɗaya ba. Akwai hanyoyi biyu da ake bi. Idan kana bayyana siffar samfur, ya fi sauƙi ka ɗauki tsawon da ke jikinsa, kamar kaurin shimfiɗa ko tsawon tsagewa, domin jadawalin da masana suka buga da irin wannan suke zuwa. Idan kuwa kana bayyana juriyar mahaɗar kanta, ka ɗauki tsawo tsayayye da ya danganci kayan, kamar girman yankin da gam ke lanƙwasewa ba ya komawa a bakin tsagewar. Ni na fi son a yi duka biyun: a lissafa da tsawon samfur, sannan a mayar da kowane sakamako zuwa L guda kafin a zana su a takarda ɗaya. Abin da ba ya halatta shi ne ka ɗauki juriyar da wani ya auna da L na milimita ka kwatanta da ψ ɗinka na maikiromita.

Wasu sukan sa β = 0 don su huta, sai ε ya ɓace, K₁ da K₂ su koma K_I da K_II na gargajiya. Hutchinson da Suo, a dogon nazarinsu na 1992, sun nuna cewa a haɗe-haɗe da yawa hakan ba ya ɓata sakamako sosai. Ga ƙarfe da tangaran, inda ε yake ɗan mitsitsi, na yarda. Ga gam a kan gilashi ko ƙarfe, juyin 8.7° a kowane ninki goma ya fi ƙarfin a kawar da kai.

Mataki na shida: duba yankin taɓawa

Ƙiyasin Rice na girman yankin da fuskoki ke taɓa juna ya dogara da tazarar da ke tsakanin kusurwar nauyin da 90° a ɓangaren da ke rufe tsagewar. Idan aka kira wannan tazara θ a radiyan, girman yankin kusan 2a × exp(−θ / |ε|) ne. A ja zalla θ = π/2, sai a sami 2a × exp(−23.8), kimanin mita 10⁻¹³ a tsagewarmu ta milimita 2. Tazarar da ke tsakanin atom da atom ta ninka wannan fiye da sau dubu, don haka babu abin damuwa. Amma idan zamewa ta yi yawa har tazarar ta koma 10°, yankin ya kai kashi 7 cikin 100 na tsawon tsagewar, kuma a nan K ya daina bayyana gaskiyar abin da ke faruwa. Ka riƙe kashi 1 cikin 100 a matsayin iyaka. Idan ka wuce ta, sai lissafin da ya san taɓawa da gogayya.

Mataki na bakwai: sitires ɗin da ya kwanta tun wurin ƙira

Mahaɗa ba ta zuwa hannunka a sake. An haɗa ta da zafi, ta huce, kowane ɓangare ya tsuke gwargwadon halinsa. Ga shimfiɗa siririya a kan tushe mai kauri:

σ = E × Δα_T × ΔT / (1 − ν)

Δα_T shi ne bambancin yadda kayan biyu ke miƙewa da zafi, ΔT shi ne canjin zafin, E da ν kuma na shimfiɗar ne. A ce an gasa efoksi a 120°C ya huce zuwa 20°C, efoksi yana da 60 × 10⁻⁶ a kowane digiri, gilashi 9 × 10⁻⁶. Za a sami σ kusan 23.5 MPa na ja, tun ba a ɗora wa abin komai ba. Idan kana son aunawa maimakon ƙiyasi, lanƙwasar tushen za ka auna ka bi dabarar Stoney ta 1909, wadda har yau ake aiki da ita a masana'antun guntun lantarki.

Idan shimfiɗar mai kaurin h ta fara ɓarewa daga gefe, da zarar tsagewar ta ninka h 'yan sau kaɗan, G yakan tsaya a wuri ɗaya:

G = (1 − ν²) σ² h / 2E

Tsawon tsagewa ba ya cikin wannan lissafi, kuma wannan babban al'amari ne: idan G ya kai juriyar mahaɗa, ɓarewar ba ta da dalilin tsayawa sai ta kai ƙarshe. A h = maikiromita 100, G = 8.1 J/m², a rabin milimita, 40 J/m². Idan juriyar mahaɗar a wannan kusurwa 20 J/m² ce, kaurin da bai kamata a wuce ba shi ne kusan maikiromita 250. Kusurwar irin wannan ɓarewa tana kusa da 52° idan kayan biyu taurinsu ɗaya, ga sauran haɗe-haɗe kuma Suo da Hutchinson sun buga jadawali a 1990.

Idan sitires ɗin na matsewa ne, labarin ya canza: shimfiɗar takan kumbura ta ɗago kafin tsagewar ta yaɗu, kamar yadda tayil ke ɗagowa a tsakar ɗaki idan an shimfiɗa shi ba a bar masa wurin miƙewa ba.

Mataki na takwas: auna juriya a kusurwa fiye da ɗaya

Sharaɗin ci gaban tsagewa shi ne G = Γ(ψ), inda Γ(ψ) ita ce juriyar mahaɗa a kusurwar ψ. Gwaje-gwajen Cao da Evans a 1989, da na Liechti da Chai a 1992 a kan gilashi da efoksi, sun nuna juriya tana hawa ninki da yawa yayin da zamewa ke ƙaruwa. Dalilai biyu ne manya: gam yana ƙara lanƙwasewa yana shanye makamashi, kuma ƙananan tudun da ke fuskokin tsagewar suna sarƙewa suna gogayya. Liechti da Chai sun kuma ga cewa hawan ba ɗaya ba ne a ɓangaren ψ mai alamar ƙari da mai alamar ragi.

Saboda haka samfur iri ɗaya bai isa ba. Ga ukun da aka fi amfani da su.

Sanda biyu da aka manne ake buɗe bakinsu. Wannan yana ba da ψ kusa da sifili, wato juriya mafi ƙanƙanta. Idan kowace sanda kaurinta h, faɗinta b, tsawon tsagewa a, nauyi P, to G = 12P²a² / (Ē b² h³). Wannan lissafin sanda ne mai sauƙi, yana buƙatar gyara idan a bai ninka h sosai ba.

Lanƙwasa a wuri huɗu, wanda Charalambides da abokan aikinsa suka gabatar a 1989. Ana yanka sandar sama har zuwa mahaɗa, a lanƙwasa, tsagewar ta juya ta bi mahaɗa hagu da dama. Muddin tana tsakanin maƙallan ciki biyu, nauyin yakan tsaya a layi ɗaya, kuma ga sanduna biyu iri ɗaya G = 21P²l² / (16 Ē b² h³), inda l shi ne tazarar maƙallin ciki da na waje. Ba ka buƙatar auna tsawon tsagewa, shi ya sa masu ƙera guntun lantarki suka rungume shi. Kusurwarsa 40° da 'yan kai ce.

Faifai mai zagaye da aka raba biyu aka manne, ana matse shi ta kusurwa daban-daban. Wang da Suo sun yi aiki da shi a 1990, kuma shi ke kai ka har kusa da zamewa zalla.

Bayan ka sami maki, kana iya haɗa su da Γ(ψ) = Γ₁[1 + tan²((1 − λ)ψ)], inda Γ₁ ita ce juriya a buɗewa zalla, λ kuma lamba ce da ake daidaitawa da sakamakon gwaji. Da λ = 0.3, juriya a 52° ta ninka ta buɗewa zalla sau 1.5. Kada ka tsallake duba fuskokin biyu a madubin ƙara girma bayan kowane gwaji. Idan ka ga gam a manne a duka ɓangarorin, tsagewar cikin gam ta bi, kuma juriyar gam ka auna.

Mataki na tara: idan siffar ta fi ƙarfin lissafin hannu

Sai a koma kwamfuta, da manhajar Abaqus ko ANSYS ko makamantansu. Gargaɗi ɗaya ne mai muhimmanci. Dabarar rufe tsagewa ta Rybicki da Kanninen ta 1977 tana raba G zuwa G_I na buɗewa da G_II na zamewa, amma idan ε ba sifili ba ne waɗannan biyun ba sa tsayawa yayin da kake ƙanƙanta ragar, wato gutsattsarin da manhajar ke rarraba siffar zuwa gare su. Jimillarsu kaɗai ke tsayawa. Girman gutsuren da ke bakin tsagewa ya zama L ɗinka a ɓoye. Ka fitar da K₁ da K₂ ta hanyar lissafin kewaye da manhajar ke bayarwa, ka lissafa ψ a L ɗin da ka zaɓa da kanka. Kafin ka amince da ragar, ka gwada ta a kan tsagewar tsakiya ta mataki na huɗu, wadda ka san amsarta.

Mataki na goma: wace hanya tsagewar za ta bi

Tsagewa ba ta yi alkawarin zama a mahaɗa ba. Idan ψ yana tura ta zuwa ɓangaren da ke da saurin karyewa, tana iya karkacewa ta shige shi. Idan yana tura ta zuwa ƙarfe mai juriya, sai ta ci gaba da bin mahaɗa ko da zamewa ta yi yawa. Shi ya sa alamar ψ take da nauyi, shi ya sa kuma na nace a kan lambar 1 da 2 tun farko.

Akwai kuma tsagewar da ta taho a tsaye ta iske mahaɗa. He da Hutchinson sun nuna a 1989 cewa idan taurin kayan biyu ɗaya ne, za ta juya ta bi mahaɗa matuƙar juriyar mahaɗar ba ta kai kusan rubu'in juriyar abin da ke gabanta ba. A tangaran mai zare a ciki, irin wanda ke cikin injin jirgin sama na LEAP, da gangan ake shafa wa zaren silikon kabaid wani siririn rufi mai rauni, domin tsagewa ta kewaye zaren ta bar shi yana riƙe da nauyi.

Lissafin da muka yi duka na mahaɗa busasshiya ce. Ruwa yana cin haɗin da ke tsakanin gilashi da gam, tsagewa takan yi ta rarrafe a G da bai kai Γ ba, shi ya sa ake shafa sinadarin silen a fuskar gilashi kafin a manne. Farantin sola da ke kan rufin kwano a Kano ko Agadas yana shan zafin rana da sanyin daren hunturu, sannan ga laimar damina, wato ΔT na mataki na bakwai yana maimaituwa kullum a kan mahaɗar da ruwa ke raunanawa. Idan kayanka irin wannan wuri za su, ka jiƙa wasu samfuran a zafi da laima kafin gwaji, ka auna saurin tafiyar tsagewa a G daban-daban, ka yi ƙira da G ɗin da tsagewar ta daina motsi a ƙasansa. A rahotonka ka rubuta G, da ψ, da L, da wanda ka kira 1 da 2, da zafi da laimar ɗakin gwajin.